Doguwar Motar Amurka da Mutanen da Suka Ƙi Rabuwa da Ita

Duk wanda Allah ya nufa da shiga ƙasar Amurka a 'yan shekarun nan, in ya bar tsakiyar manyan birane ya ratsa unguwannin ma'aikata da ƙananan garuruwan jihohin Ohio ko Georgia ko Texas, ba zai rasa cin karo da wata irin mota ba, doguwa mai faɗi, mai ƙofa huɗu da dogon bonet da but mai zurfi, fentinta ya soma koɗewa, tana tafe a natse tsakanin sababbin jif-jif masu tudu da suka cika hanya. Mai ita kuwa ba biki ya nufa ba, ba kuma wurin nunin kayan tarihi ba, wurin neman abincinsa za shi, kamar yadda ya je jiya da shekaranjiya. In ka matsa kusa ka duba sunan da ke bayanta, galibi za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: Ford Crown Victoria, ko Mercury Grand Marquis, ko Lincoln Town Car, ko Chevrolet Caprice, ko kuwa Buick, walau Roadmaster walau LeSabre. Babu ko ɗaya cikinsu da ake ƙerawa yanzu, mafi ƙuruciyarsu ma ta daɗe da haura shekara goma, amma ga shi ba su bar kan titi ba. Al'amarin waɗannan motoci da na mutanen da ke riƙe da su ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, domin a cikinsa ake ganin yadda ma'anar mallakar abin hawa ta sauya a ƙasar da ta fi kowace ƙasa dogaro da mota.

A zamanin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar ke cikin yalwa, fetur yana araha, ga faɗin ƙasa wanda mutum kan yi kwanaki yana tuƙi bai ƙure shi ba, ga kuma manyan hanyoyin da aka shiga shimfiɗawa bayan dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, ba a ɗaukar babbar mota abin alfarma na sarakuna da attajirai kaɗai, ita ce motar magidanci, wadda malamin makaranta da ma'aikacin masana'anta ke ɗibar iyali a ciki, uku a kujerar gaba uku a ta baya, da yake sandar giya a jikin sitiyari take, ba ta raba kujerar gaba biyu ba. Kamfanin Buick ya fito da wata a 1959 ya sa mata suna Electra 225, saboda tsawonta inci 225 ne, watau fiye da mita biyar da rabi. A 1965 kaɗai an sayar da Chevrolet Impala fiye da miliyan ɗaya. Zuwa 1970 Cadillac ya ƙera injin da girmansa ya kai lita 8.2, ba kuwa don ɗaukar kaya ba, don dai mutum guda ya je ofis ya dawo. Lalle wannan ya shiga babin israfi, ko da yake waɗanda ke cikinsa ba su gan shi haka ba.

Abin da ya farkar da su shi ne yaƙin watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa, Sarki Faisal na Saudiyya yana kan gaba, suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, mutanen da ba su taɓa sanin layin mai ba suka wayi gari suna kwana a gidajen mai. Majalisar Amurka ta yi doka a 1975 wadda ta wajabta wa kowane kamfani cewa, in an haɗa motocin shiga da yake sayarwa an ɗauki matsakaicinsu, zuwa 1985 galan guda ya kai su mil 27.5, kimanin kilomita goma sha ɗaya da rabi ke nan a lita. General Motors ya rage wa manyan motocinsa tsawo da nauyi a 1977, Ford ya bi sahu a 1979 da wani sabon shasi da ya kira Panther. Abin mamaki shi ne wannan shasi, wanda mutanen lokacin suka raina suka ce an tauye musu mota, shi ne ya zauna shekara talatin da biyu ana ɗora masa bodi iri-iri, har ya zama shi ake nunawa a ce ga ƙatuwar mota irin ta da.

To, amma kada mai karatu ya zaci ƙana'a ce ta shigi Amurkawa har suka bar babbar mota. Dokar 1975 ta sassauta wa motocin da aka lasafta cikin na ɗaukar kaya, watau a-kori-kura da jif, bisa hujjar cewa manoma da 'yan kwangila ne ke amfani da su; da kamfanoni suka ga wannan ƙofa a buɗe, sai suka bi ta cikinta, suka ƙawata motar kaya da kujerun fata da na'urar sanyi suka miƙa wa magidanci, ribar kuwa ta fi ta da kauri. A ƙarshen 1996 General Motors ya daina ƙera Caprice da Roadmaster da Cadillac Fleetwood a masana'antarsa ta Arlington da ke Texas, ba don ya rufe ta ba, sai don ya mai da ita wurin ƙera manyan jif irin su Tahoe da Suburban, waɗanda suka fi waɗancan nauyi da tudu. Saboda haka duk wanda ya ce maka shan mai ne ya kashe doguwar motar Amurka, rabin magana ya faɗa.

Ford ne ya rage shi kaɗai, ya ci gaba har shekara goma sha biyar, mafi yawan cinikinsa da hukumomin 'yan sanda da kamfanonin tasi da dattawan da suka yi ritaya. Da gwamnati ta shar'anta cewa daga motocin 2012 kowace sai tana da na'urar da ke hana ta zamewa a kwana, kamfanin ya auna ya ga gyara tsohon shasi ba zai biya ba. Grand Marquis ta ƙarshe ta fito a Janairun 2011, da ita aka rufe sunan Mercury ɗungurungum, sa'an nan ranar 15 ga Satumba na shekarar nan Crown Victoria ta ƙarshe ta fito daga masana'antar St. Thomas a lardin Ontario na Kanada, ba a kuwa sayar da ita a Amurka ba, Saudiyya aka aika da ita. Wannan ba zai ba alhazanmu mamaki ba, domin duk wanda ya sauka Jidda shekarun baya ya san yadda Caprice da Crown Victoria da Grand Marquis suka cika hanyar Makka da ta Madina. Larabawa sun so su saboda sanyin na'urarsu da jimirinsu a kan doguwar hanya mai zafi, ga mai kamar kyauta. Bayan wannan sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya: Ford Taurus a 2019, Chevrolet Impala a 2020, Chrysler 300 a ƙarshen 2023.

Asirin daɗewar waɗannan motoci ba wani abu ne mai zurfi ba, yana cikin yadda aka gina su. Motar zamani bodinta da ƙashinta abu guda ne, in ta yi mummunan karo ta lanƙwashe, gyaranta kan fi kuɗinta, sai kamfanin inshora ya ce a jefar. Mafi yawan waɗannan kuwa shasin ƙarfe ne daban a ƙasa, aka ɗora bodi a kansa aka ɗaure da kusoshi, irin ginin babbar motar kaya, ta yadda in an buge gefe sai a kwance abin da ya lalace a ɗaura wani. Injin, wanda a motocin Ford tun farkon shekarun 1990 ya kasance mai silinda takwas da lita 4.6, a miƙe yake daga gaba zuwa baya, giya na bayansa, furofela ta tafi zuwa tayoyin baya, kowane abu da mazauninsa, akwai sararin da hannu da sifana za su shiga ba sai an sauke rabin mota ba. Ga shi kuma ba a matsa masa ba, domin ƙarfin da yake bayarwa kaɗan ne in an gwada da girmansa, a kan babbar hanya yana juyawa ne a hankali, abin da ba a wahalar da shi kuwa ba ya saurin tsufa. Direbobin tasi na New York, waɗanda a cikinsu akwai 'yan'uwanmu da yawa daga zangunan Kumasi da Accra da kuma Nijar mazauna unguwar Bronx, su ne shaidun wannan al'amari, domin sun yi shekaru suna tuƙa Crown Victoria mai ruwan ɗorawa da baƙar Town Car dare da rana a kan tituna masu ramuka, an kuwa sha ganin wadda ta haura mil 300,000 da injinta na asali.

Sai dai riƙon tsohuwar mota ba aikin malalaci ba ne, kuma masu yi sun san cututtukanta kamar yadda unguwarzoma ta san na jarirai. Sun san cewa a motocin Ford da aka ƙera daga 1996 zuwa 2001 bututun da ke raba iska bisa kan inji na roba ne, har da inda ruwan lagireto ke ratsawa, yakan tsage ba sallama ruwa ya tsiyaye, in direba bai lura da allurar zafi ba inji ya ƙone. Har sai da aka kai ƙara kotu a kan wannan, daga baya aka sauya wurin da ƙarfen alminiyam. Sun san Town Car a kan jakunkunan iska bayanta ke zaune maimakon sifirin, in robar ta tsufa ta tsattsage sai a wayi gari gindin motar ya zauna a ƙasa, mafi yawansu kuwa ba su ɓata kuɗi wajen sabunta jakunkunan, sifirin ƙarfe suke sawa su huta. Masu Buick mai injin da ake kira 3800, wanda aka yi ta ƙerawa a garin Flint har 2008 kuma ya shahara da ƙin mutuwa, su ma gaskit ɗin da ke saman injin ne ke ba su ciwon kai. Waɗannan duka masu sauƙi ne, tun da kayan gyara na nan birjik, saboda dubban motocin 'yan sanda da tasi da suka gama aiki suna jibge a filayen 'yan gwangwan, inda mutum kan shiga ran Asabar da akwatin sifanunsa, ya biya kuɗin ƙofa kaɗan, ya kwanto abin da yake so da hannunsa ya biya a bakin fita. Tun daga 1996 kuma doka ta sa kowace mota tana da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda ake soka ƙaramar na'ura mai araha ta faɗi inda ciwo yake, don haka motocin wannan tsakani sun haɗa abu biyu: suna da kwamfutar da za ta yi wa mai su bayani, ba su da irin wadda za ta kulle masa ƙofa.

Ciwon da ba shi da magani shi ne tsatsa. A jihohin arewa, irin su Michigan da Ohio da New York, gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, wannan gishiri kuwa shi ke cin shasi da bututun birki da na mai daga ƙasa, a ɓoye, har wata rana mutum ya taka birki ƙafarsa ta nutse, alhali inji yana da sauran rai na shekara goma. Shi ya sa masana abin ke tafiya takanas zuwa Florida ko Arizona, inda ba a cika ganin ƙanƙara ba, inda kuma tsofaffi ke komawa su ƙarasa kwanakinsu, su nemi Grand Marquis da wata dattijuwa ta bari cikin tarikarta, wadda ba ta zuwa ko'ina sai coci da kanti da asibiti, magada kuwa ba su da buƙatarta, so suke a raba su da ita. Amma ko a nan akwai abin lura, domin roba shekaru take ƙirgawa ba mil ba, motar da ta yi shekara ashirin a gareji tayoyinta da tiyo-tiyonta da fambel duk sun bushe, sai an sabunta su kafin a amince mata. Haka nan wanda ya je gwanjon tsofaffin motocin 'yan sanda, kada ƙarancin mil ya ruɗe shi, domin motar ɗan sanda takan wuni a tsaye inji na aiki. Daga 2006 ma an sa musu agogon da ke ƙirga waɗannan sa'o'i, kamfanin Ford kuwa ya ƙiyasta kowace sa'a guda daidai da tafiyar mil 33.

In aka zo ga lissafi, a nan ne ake gane cewa ba duk mai tsohuwar mota ne ke yi don sha'awa ba. Matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka a 2024 ya kusa dala 50,000, mafi yawan masu saye kuwa da bashi suke saye, mai kuɗin ruwa, ana biya wata-wata har shekara shida ko bakwai, ta yadda sau da yawa kafin mutum ya gama biya motar ta zube daraja, sai ya mai da ita ya ɗauki wata, ragowar tsohon bashin a ɗora kan sabon, ya ƙare rayuwarsa bai taɓa hawan abin da yake nasa halak malak ba. Ba abin mamaki ba ne da aka ƙiyasta a 2024 cewa matsakaicin shekarun motocin da ke kan hanyoyin ƙasar ya kai 12.6. Wanda ya sayi tsohuwar Crown Victoria da 'yan dubban daloli, kuɗi hannu, ya kuɓuta daga wannan igiya, inshorarsa ma ta fi sauƙi. Abin da zai biya a madadin haka a gidan mai yake: galan guda mil 16 ne a cikin gari, mil 24 a babbar hanya, watau kimanin kilomita bakwai da kilomita goma a lita, wanda kuwa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lokacin da galan ya kai dala biyar a Yunin 2022, waɗanda wurin aikinsu ke da nisa sun ji a jikinsu. Ga wanda tafiyarsa ba ta da yawa kuwa, kuɗin man shekara bai kai biyan bashin 'yan watanni ba.

Akwai wani abu da gwamnatin ƙasar ta yi a 2009 wanda har yanzu masu ƙaramin ƙarfi ba su manta ba. Don ta farfaɗo da kamfanonin mota bayan durƙushewar tattalin arziki, ta ware dala biliyan uku, ta ce duk wanda ya kawo tsohuwar mota mai shan mai ya sayi sabuwa za a rage masa dala 3,500 ko 4,500, da sharaɗin cewa tsohuwar ba za a sake sayar da ita ba: a tsiyaye baƙin mai, a ɗura wa injin wani ruwan sinadari, a tayar da shi har ya daskare. Motoci kusan 700,000 aka yi wa haka cikin 'yan makonni, mafi yawansu jif da a-kori-kura, amma da dogayen motocin nan a ciki, dukkansu kuwa da ƙafarsu suka zo, domin sharaɗi ne motar ta kasance tana tafiya. Na san hujjar da aka kafa, ta rage hayaƙi da ceton ayyukan ma'aikata, ba kuma hujjar banza ba ce. Amma wanda ya amfana shi ne mai halin sayen sabuwa, wanda ya cutu shi ne talakan da waɗannan motoci za su gangaro hannunsa. Halaka dukiya mai amfani da gangan abu ne da zuciyar wanda ya tashi cikin karantarwar malamanmu ba ta natsuwa da shi, ko da an kira shi maslaha.

Duk da haka adalci ya wajaba, domin masu son tsofaffin motoci suna da wata da'awa da ba ta inganta ba, cewa wai ƙarfen da ya fi na yanzu kare rai. A 2009 wata cibiya ta kamfanonin inshora ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba a ɗakin gwaji, tsohuwar ta murƙushe har mazaunin direba, sabuwar kuwa gabanta ne ya lotse, ɗakin zama ya tsira. Hatta Crown Victoria ta ƙarshe ba ta da na'urar hana zamewa, ga ta kuma da tayoyin baya take turawa, a kan ƙanƙara sai direba mai haƙuri, tankin manta kuma bayan aksul yake, abin da ya jawo muhawara mai zafi a farkon shekarun 2000 bayan wasu motocin 'yan sanda da aka daka ta baya da gudu sun kama da wuta. A ganina, wanda ya ɗauki motar shekarun 1970 ya mai da ita abin kai yara makaranta kullum, son zuciyarsa ya bi, ya kuma yi sakaci da amanar rayukan da ke hannunsa. Hukuncin Crown Victoria ta 2003 zuwa 2011, wadda aka sabunta mata shasi da sitiyari, ga jakar iska ga birkin da ba ya kullewa, daban ne.

Mu nan ba baƙi ba ne ga irin wannan al'amari, domin mun ga Peugeot 504, wadda aka haɗa a Kaduna shekara da shekaru bayan Faransa ta daina ƙera ta, mun kuma ga zamanin da kowane gari yake da bakaniken da zai kasa kunne ga ƙarar inji ya gaya maka fulogi ne ko kafireta, da yaransa da ke koyo a gindinsa har a yaye su. Abin da ya tafi tare da ita a nan shi ne ke tafiya tare da doguwar mota a can, watau ilmin da ke hannun jama'a, wanda uba ke nuna wa ɗansa a ƙofar gida. Motar yanzu ta fi tsaro, ta fi tsimin mai, wannan ba a musunsa, amma sirrinta yana cikin kwamfutocin da mabuɗinsu ke hannun kamfani, har ta kai mutanen jihar Massachusetts sun jefa ƙuri'a sau biyu, a 2012 da 2020, don a tilasta wa kamfanoni su buɗe wa ƙananan gareji da masu motoci bayanan gyara. A ce sai an yi zaɓe kafin mutum ya sami izinin gyara abin da ya saya da guminsa, wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da aka yi daga zamanin Impala.

Ga ɗan'uwan da ke zaune a can, wanda ke gudun bashin ruwa yana kuma tunanin sayen irin wannan mota, shawarata ita ce ya nemi ta 2003 zuwa sama, wadda ta yi zamanta a jihohin kudu. Kafin ya buɗe bonet ya fara sa a ɗaga ta ya shiga ƙarƙashi da tocila ya ƙwanƙwasa shasi ya duba bututun birki, in ya ga tsatsa ta ci, ya tafi abinsa kome ƙyallin fenti da arahar kuɗi. In ta tsallake wannan, ya ware wani abu a gefe don taya da tiyo da juyen mai tun makon farko, ya kuma sayi akwatin sifana ya koyi amfani da shi, domin in kowane ƙaramin gyara sai ya kai gareji ana cajinsa kuɗin aiki na kowace sa'a, arahar da ya gani ba za ta kai shekara ba. In kuwa wurin aikinsa na da nisan mil hamsin, ya haƙura ya nemi ƙaramar mota.